Mai Nuna Hanya da Dillalin Kayan Sata: Alhakin Sanya Mahaɗi a Intanet

Gabatarwa

A ranar 8 ga Satumba 2016, Kotun Shari'a ta Tarayyar Turai da ke Luksambag ta yanke hukunci a kan wata ƙara da ta taso daga ƙasar Holan, tsakanin kamfanin GS Media da kamfanin Sanoma. Tambayar da aka ɗora wa alƙalan gajeriya ce: wanda ya sanya mahaɗi a shafinsa na intanet, mahaɗin kuma ya kai mai karatu ga aikin wani da aka ɗora ba da izinin mai shi ba, ya keta haƙƙin mallaka ko bai keta ba? Mahaɗi shi ne ɗan rubutun nan, galibi mai launin shuɗi, da ake latsawa ya kai mutum wani shafi. Masu waya kan ce masa linki, wasu marubuta kuma rariyar liƙau. Mai sanya shi bai kwafi komai ba, bai kuma ajiye komai a wurinsa ba, adireshi kawai ya bayar.

Kotun ta amsa da cewa lamarin ya danganta ga abu biyu: abin da mai sanya mahaɗin ya sani, da kuma ko yana neman riba. Rabin farko na wannan amsa daidai ne, kuma ya dace duk ƙasar da ke gyara dokarta ta ɗauke shi. Rabi na biyu kuwa kuskure ne, wanda nauyinsa ya fi faɗa wa ƙananan masu shafuka, da ƴan jarida, da malamai masu tattara wa ɗalibai abin karatu, alhali manyan ɓarayin fasaha da aka yi niyyar kamawa ana iya kama su ba tare da shi ba. Matsayin wannan maƙala shi ne alhakin mahaɗi ya rataya ga sani da ganganci, mai ƙara kuma shi ya kamata ya tabbatar da su. Samun kuɗin talla a shafi bai isa a ɗauka cewa mutum ya sani ba.

Abin da Ya Faru a Holan

A wancan lokaci Sanoma shi ne mawallafin mujallar Playboy ta ƙasar Holan. A watan Oktoba 2011 ya sa aka ɗauki hotunan wata mai gabatar da shirye-shiryen talabijin, da nufin buga su a fitowar watan Disamba. Kafin mujallar ta fito, sai hotunan suka ɓulla a Filefactory, wani shafin ajiye kaya da ke ƙasar Ostareliya, ba da izinin mai su ba. GeenStijl, shafin labarai da ba'a mallakar GS Media, wanda a lokacin yake cikin shafukan labarai da aka fi karantawa a ƙasar, ya samu adireshin wurin, ya kuma buga labari a ranar 27 ga Oktoba tare da mahaɗin da ke kai masu karatu ga hotunan.

Sanoma ya nemi a cire mahaɗin, GS Media ya ƙi. Da Sanoma ya sa aka sauke hotunan daga Filefactory, sai GeenStijl ya sake buga labari a watan Nuwamba, da sabon mahaɗi zuwa wani shafin mai suna Imageshack. Nan ma aka sauke su, sai ya buga labari na uku da wani mahaɗin. Ke nan babu mai cewa GS Media bai san abin da yake yi ba. An faɗa masa, ya ji, ya kuma bi hotunan duk inda suka koma yana nuna wa jama'a.

Kotun ɗaukaka ƙara ta Amsterdam ta yi wani hukunci da ya kamata a riƙe, domin za a dawo gare shi. Ta ce sanya mahaɗin bai kai keta haƙƙin mallaka ba, tun da hotunan sun riga sun fita a wani shafin, amma abin da GS Media ya yi laifi ne da ya cutar da Sanoma, domin ya ingiza jama'a su je su kalli abin da ya san an ɗora shi ba bisa ƙa'ida ba. Wato ta kama shi da dokar cutarwa ta gama-gari, wadda ke duba halin mutum da niyyarsa. Da maganar ta kai kotun ƙoli ta Holan, sai ta miƙa tambayar ga Luksambag, domin fassarar dokar Tarayyar Turai aikin waccan kotun ne.

Tushen Dokar

Yarjejeniyar haƙƙin mallaka ta hukumar WIPO ta 1996 ta bai wa mai fasaha ikon hana a isar da aikinsa ga jama'a, ciki har da ajiye shi a inda kowa zai iya samunsa a lokaci da wurin da ya ga dama. Tarayyar Turai ta shigar da wannan iko cikin dokarta ta 2001, a sashe na 3. Dokar ba ta ambaci mahaɗi ba, saboda haka ya rage wa alƙalai su faɗi ko nuna adireshi isarwa ce.

Sun fara amsawa a ranar 13 ga Fabrairu 2014, a shari'ar Svensson. Wasu ƴan jarida na ƙasar Suwidin, waɗanda aka buga rubuce-rubucensu a shafin jaridar Göteborgs-Posten a buɗe ga kowa, sun yi ƙarar kamfanin Retriever mai tara wa abokan cinikinsa mahaɗai zuwa labaran jaridu. Kotun ta ce sanya mahaɗi isarwa ce, amma ba ta buƙatar izini sai in ta kai aikin ga sabbin mutanen da mai shi bai yi lissafi da su ba. Wanda ya ɗora aikinsa a buɗe ya yi lissafi da duk masu amfani da intanet. In kuwa mahaɗin ya tsallake shinge, misali ya shigar da wanda bai biya ba cikin shafin masu biyan kuɗi, to an samu sabbin mutane, an kuma keta haƙƙi.

Bayan shekara huɗu, a shari'ar Renckhoff ta 2018, kotun ta fito da bambancin mahaɗi da kwafi a fili. Wata ɗaliba a Jamus ta sauko da hoton birnin Kurɗuba daga wani shafin tafiye-tafiye, ta sa a aikinta na makaranta, makarantar kuma ta ɗora aikin a shafinta. Kotun ta ce wannan yana buƙatar izinin mai hoton, ko da yake hoton a buɗe yake a wurinsa na asali. Dalilinta shi ne mai hoto na iya janye aikinsa daga inda ya ajiye shi, duk mahaɗin da ke kai wa can kuma sai ya mutu, amma kwafin da wani ya ɗora a nasa shafin ya fita daga ikonsa. Wannan dalili mai ƙarfi ne, kuma shi ya sa bai kamata doka ta auna mai nuni da mudun da take auna mai kwafi ba.

Svensson ya bar giɓi ɗaya: yaya ke nan idan aikin da aka nuna an ɗora shi ne ba da izini ba tun farko? Babban lauya mai ba kotun shawara, Melchior Wathelet, ya ba da ra'ayi a watan Afrilu 2016 cewa mahaɗi zuwa abin da ke buɗe ga kowa ba isarwa ba ce, ko da an ɗora shi ba da izini ba, domin wanda ya ɗora shi ne ya isar. Kotun ba ta bi shawararsa ba. Sai ta kasa masu sanya mahaɗi gida uku. Wanda ba ya neman riba, kuma bai sani ba, ba kuma yadda zai iya sani, babu alhaki a kansa. Wanda ya sani ko ya kamata ya sani, misali saboda mai aikin ya sanar da shi, ya keta haƙƙi. Wanda kuma ya sanya mahaɗin don neman riba, ana sa ran ya bincika tukuna, saboda haka sai a ɗauka ya sani, sai in ya kawo hujjar da ta rushe wannan zato.

Inda Kotun Ta Yi Daidai

Masu cewa mahaɗi ba ya taɓa zama laifi suna kafa hujja da cewa intanet kanta a kan mahaɗai aka gina ta. Gaskiya ne, amma wannan ba ya wanke kowa. Mutumin da baƙo ya tambaye shi hanyar kasuwa ya nuna masa, daban yake da wanda ya kafa rumfa a bakin hanya yana kiran jama'a su zo ya nuna masu gidan da ake sayar da kayan sata da araha. Dukansu yatsa kawai suka miƙa, amma Bahaushe ya riga ya yanke wa na biyun hukunci da ya ce abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Shari'o'in da suka biyo baya sun nuna amfanin ma'aunin sani. A watan Afrilu 2017, a shari'ar da aka fi sani da Filmspeler, kotun ta duba lamarin wani ɗan kasuwa a Holan mai sayar da ƴar na'urar da ake haɗawa da talabijin, wadda ya cusa wa mahaɗai zuwa shafukan da ke nuna finafinai da wasanni ba da izini ba, yana kuma tallata ta da cewa mai saye zai kalli komai kyauta. Bai ajiye fim ko ɗaya ba, amma duk cinikinsa a kan kayan wasu ya ginu, tallarsa kuma ta zama shaida a kansa. A watan Yuni na shekarar, kotun ta yi irin wannan hukunci game da The Pirate Bay, shafin da ke tsara jerin wuraren da ake samun kayan da aka kwafa, yana rarraba su kashi-kashi domin mai nema ya samu da sauƙi. Tun kafin nan, a 2006, kotun tarayya ta Ostareliya ta kama mai shafin mp3s4free da laifin ba da damar keta haƙƙi, ko da yake waƙoƙin da ake saukewa ta hanyar shafinsa a kwamfutocin wasu suke.

Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka buƙaci zato kafin a kama shi. Sunan shafi, da kalmomin talla, da tsarin kaya, da ƙin cire mahaɗi bayan an yi gargaɗi, duk shaidu ne da mai ƙara ke iya ajiyewa a gaban alƙali. GS Media kansa ba ribarsa ce ta kayar da shi ba, taurin kansa ne, tun da sau uku yana bin hotunan bayan an sanar da shi. Da kotun ta tsaya a kan sani kawai, da Sanoma ya yi nasara kamar yadda ya yi.

Inda Kotun Ta Kauce

Hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan zaton nan, mai karatu na iya samunta a kasuwar dabbobi. Idan aka sayar da saniya ta hannun dillali, daga baya ta tabbata ta sata ce, dillalin ake fara nema, domin shi ya tsaya wa mai sayarwa, shi kuma ya karɓi la'ada. Ba a karɓar uzurinsa cewa bai sani ba, tun da sanin wanda ya kawo kaya yana cikin aikinsa. Masu goyon bayan hukuncin Luksambag suna cewa mai shafin da ke cin riba dillali ne, don haka ya ɗauki nauyin dillali.

Kwatancin yana da kyau, amma ya rushe ta fuska uku. Ta farko, la'adar dillali daga jikin saniyar nan take fitowa, in ba a sayar da ita ba bai samu komai ba. Mai shafin da ke rubuta sharhi a kan littattafai, yana samun ɗan kuɗi daga tallar da ke gefen shafi, ribarsa ba daga wani mahaɗi guda ta fito ba. Kotun Luksambag ba ta fayyace ko ribar da take nufi ta mahaɗin ce ko ta shafin gaba ɗaya ba, sai ta bar wa ƙananan kotuna. A watan Nuwamba 2016 wata kotu a birnin Hambag na Jamus ta zaɓi fassara mai faɗi, ta ce ya isa a ce shafin gaba ɗayansa na neman riba ne. Wanda hukuncin ya faɗa wa mutum ne mai sayar da kayan koyarwa da ya wallafa da kansa, ya sanya mahaɗi zuwa wani shafi da ke ɗauke da hoton da aka sarrafa ba tare da cika sharuɗɗan lasisinsa ba. Bai ɗora hoton ba, kuma ba daga hoton yake ci ba, amma aka ce ya keta haƙƙi domin bai bincika ba.

Ta biyu, dillali yana ganin saniya da mai ita, yana iya tambayar garinsa da wanda ya san shi. Mai sanya mahaɗi ba ya ganin takardun da ke tsakanin mai hoto da mai shafin da ya ɗora shi. Lasisi yarjejeniya ce ta sirri, tana iya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta iso shafin, babu kuma wani tambari a jikin hoto da ke nuna an biya ko ba a biya ba. Kotun da kanta ta amince da wannan wahala a cikin hukuncinta, amma sai ta yi rangwamen ga wanda ba ya neman riba kawai, kamar dai kuɗin talla na buɗe wa mutum ido ya ga abin da ke cikin aljihun wani. Bayan hukuncin Hambag, gidan jaridar fasaha na heise ya rubuta wa kotun yana neman ta tabbatar masa a rubuce cewa babu abin da ya keta haƙƙin wani a shafinta na intanet, domin ya samu damar sanya mahaɗi zuwa gare shi. Kotun ba ta ba da tabbacin da aka nema ba. In kotu ba ta iya tsaya wa shafinta ba, da wuya a ga yadda mai ƙaramin shafi zai samu irin wannan tabbaci daga baƙin da bai taɓa gani ba.

Ta uku, saniyar da dillali ya duba da safe ita ce dai da yamma. Shafin intanet kuwa yana sauyawa. Wanda ya bincika yau ya ga komai lafiya, gobe mai shafin na iya ƙara hoto ko fim, ko ma adireshin ya koma hannun wani. Maƙalar da aka rubuta shekara biyar da suka wuce, mai mahaɗai ashirin, babu mai iya tsare ta dare da rana.

Ana iya cewa ai zato ne kawai, ana iya rushe shi. Haka ne, amma tabbatar da rashin sani ya fi tabbatar da sani wahala, kuma kotun ba ta faɗi irin binciken da zai wadatar ba. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su yi wannan jayayya. Mai ƙaramin shafi kuwa, da ya samu wasiƙar lauya sai ya cire mahaɗin, ya biya abin da aka nema, gaba kuma ya daina nuna inda ya samo bayani. Daɗin daɗawa, jaridu kusan duk don riba ake buga su, ke nan ƴan jarida, waɗanda aikinsu ya fi buƙatar su nuna wa jama'a takardar da suke magana a kanta, su ne zaton ya fara hawa kansu. Asarar a nan ta mai karatu ce, wanda aka hana hanyar zuwa ya duba tushen labari da idonsa.

Wata Hanyar da Aka Bi

Amurka ta tunkari lamarin ta wata kusurwa. A shari'ar Perfect 10 da kamfanonin Amazon da Google ta 2007, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke yammacin ƙasar ta ce wanda bai ajiye kwafin hoto a kwamfutarsa ba bai nuna shi kai tsaye ba, sai dai ana iya kama shi da laifin taimakawa idan ya san da takamaiman abin da aka keta, kuma ya ƙi ɗaukar matakin da ke cikin ikonsa. Dokar ƙasar ta 1998 ta ba masu shafukan bincike da masu sanya mahaɗai kariya bisa sharuɗɗa: kada su san da ketawar, kada su ci ribar da ta fito kai tsaye daga ita alhali suna da ikon hanawa, kuma su cire mahaɗin da gaggawa idan an sanar da su. Kalmar "kai tsaye" ita ce abin da hukuncin Luksambag ya rasa, domin ita ke raba dillali da mai nuna hanya.

Kotunan Amurka ma ba su gama daidaitawa ba. A 2018 wata alƙaliya a birnin New York ta ƙi bin ma'aunin 2007 a shari'ar Goldman, inda wasu gidajen labarai suka jawo saƙon Twitter mai ɗauke da hoton ɗan wasa Tom Brady ya bayyana a cikin shafukansu. Sai dai wannan wani nau'i ne daban. Jawo hoto ko bidiyo ya fito a tsakiyar shafin mutum, har mai kallo ya zaci nasa ne, ya fi kusa da nunawa a kan nuni, kuma babu laifi doka ta fi tsananta masa.

A fagen ɓata suna ma an yi wannan muhawara. Kotun ƙolin Kanada, a shari'ar Crookes da Newton ta 2011, ta ɗauki mahaɗi tamkar manazartar da marubuci ke sawa a ƙasan shafi: nuna inda magana take ba maimaita ta ba ne. A 2018 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce ƙasar Hangari ta tauye ƴancin faɗar albarkacin baki da kotunanta suka ɗora wa wani gidan labarai alhakin bidiyon da ya sanya mahaɗi zuwa gare shi, ba tare da sun duba ko ya goyi bayan abin da ke ciki ko ya san ƙarya ne ba. Hatta majalisar Tarayyar Turai, da ta bai wa mawallafa jaridu sabon haƙƙi a dokar 2019, sai ta rubuta ƙarara cewa haƙƙin bai shafi sanya mahaɗi ba.

Abin da Ya Shafi Ƙasashen Masu Jin Hausa

Maganar ba ta tsaya a Turai ba. Fim ɗin Hausa da ya ci kuɗi da watanni, da littafin da marubuciya ta biya maɗaba'a daga aljihunta, duk ana ganin yadda suke yawo a zaurukan WhatsApp da Telegram ta hanyar mahaɗai, wani lokaci ma mai zauren na karɓar kuɗin shiga. A ɗaya gefen kuma akwai ɗalibi a Damagaram ko Garwa ko Kumasi wanda ɗakin karatun makarantarsa ba shi da littafin da malami ya ambata, kuma mahaɗin da ke ƙasan wata maƙala shi ne kaɗai hanyarsa zuwa mujalla ko kundin bincike. Dokar da ta dace ita ce wadda za ta kama mai zauren nan ba tare da ta toshe wa ɗalibin hanya ba.

Nijeriya ta sabunta dokarta ta haƙƙin mallaka, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, ta kuma shigar da tsarin sanarwa da saukewa, da kariya mai sharaɗi ga masu ba da hidimar intanet, tsarin da ya fi kama da na Amurka. Nijar tana aiki da dokarta ta 23 ga Disamba 2010, tana kuma cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, tare da Kamaru da Cadi, ƙarƙashin yarjejeniyar Bangi ta 1977 da aka yi wa gyara a 1999 da 2015. Alƙalai da lauyoyin waɗannan ƙasashe sun saba duba hukunce-hukuncen Faransa, kotunan Faransa kuwa dole su bi fassarar Luksambag. Ta wannan ƙofa ce zaton riba ke iya shigowa, ba tare da wata majalisa ta tattauna shi ba.

Babu buƙatar a aro shi. Ƙasashen da suka gaji dokar farar hula ta Faransa suna da tsohuwar ƙa'idar sashe na 1382, wadda ta ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani hasara sai ya biya diyya. Irin wannan ƙa'ida ce kotun Amsterdam ta yi aiki da ita, kuma ta isa ta kama wanda ya mayar da nuna kayan sata sana'a. Alƙali na iya gane sani daga yanayin abin: fim ɗin da bai daɗe da fita ba ana ba da shi kyauta, littafi sukutum da ake sayarwa a kasuwa an ɗauke shi hoto shafi-shafi, zauren da sunansa ma ke shelar abin da ake yi a ciki, ko mahaɗin da aka mayar bayan mai aiki ya sa an cire. Masu fasaha suna da gaskiya da suke kukan cewa bin mahaɗai ɗaya bayan ɗaya aiki ne marar ƙarewa. Maganin wannan shi ne a sauƙaƙa masu hanyar sanarwa ta hannun hukumomi irin su ofishin haƙƙin mallaka na Nijar, BNDA, da hukumar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, a kuma ba kotu ikon rufe shafi ko asusun wanda ya maimaita laifi.

Kammalawa

Ga mai shafi da malami da ɗalibi, hukunce-hukuncen nan sun bar ƙa'idojin aiki bayyanannu. A nuna aiki a wurinsa na asali, wato shafin marubuci ko mawallafi ko mujalla, kada a sauko da shi a sake ɗorawa. Kada a ba da mahaɗin da ke tsallake shingen biyan kuɗi. Idan yanayin abu ya nuna an ɗora shi ba da yardar mai shi ba, a bar shi, ko da kuwa ɗalibai na buƙatarsa, a nemi mai shi. Idan mai aiki ya yi magana, a cire mahaɗin nan take, sannan a bincika.

Ga masu yin doka da alƙalai kuwa, abin ɗauka daga shari'ar GS Media shi ne tambayar me mai sanya mahaɗi ya sani, da me ya yi bayan ya sani. Riba tana iya zama shaida idan daga kayan da aka keta ta fito kai tsaye, kamar ta mai sayar da na'urar nan ko mai karɓar kuɗin shiga zaure. In ba haka ba, nauyin kawo hujja ya zauna a kan mai ƙara, kamar yadda yake a sauran shari'o'in diyya.